HANKALIN ƊALIBI AMANA CE A WUYAN AL'UMMA

Da sunan Allah Mai Rahama Mai Jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T.) wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya kuma rataya wajibcin ibada a kansa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, sanin kowa ne cewa a lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, mafi yawan yaran ƙasar Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura masu neman karatu mai zurfi sai sun yi ƙaura zuwa Kano ko Zariya. Yau kuwa makarantun sun iso mana ƙofar gida. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, wadda ta fara a matsayin ta jiha kafin Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 2007. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa a 2013, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a Babura a 2021. Wannan ni'ima ce, muna kuwa gode wa Allah a kanta.

To amma akwai tambayar da ba a cika yi ba a majalisun iyaye da zaurukan malamai. Idan yaro ya dawo hutu, ana tambayarsa aji nawa yake, da yaushe zai gama, da ko zai sami aiki. Da wuya ka ji an tambaye shi halin da zuciyarsa take ciki. Wannan tambaya ita muke so mu yi yau, domin abin da idanu suke gani ya wuce a kawar da kai.

ABIN DA IDANU SUKE GANI

Yaro ya bar Amaryawa ko Gora ko Zugai da fara'arsa, mai yawan ba'a da abokai, mai gaida manya. Bayan shekara biyu ya dawo ba ya son magana da kowa, ya ƙule a ɗaki, barci ya ƙaurace masa da dare, da rana kuma ba ya iya tashi, abinci sai an yi da gaske. Wata yarinya ta dawo tana yawan kuka ba dalili, tana firgita da ƙaramin motsi. Wani ya daina zuwa aji wata da watanni, yana ɓoye wa mahaifinsa, saboda ya faɗi jarrabawa kuma ya san buhunan gero da riɗi nawa aka sayar kafin a biya masa kuɗin rajista. Wani kuma ya faɗa shaye-shaye. A ƙarshen wannan hanya akwai abin da harshe yake nauyin faɗa, wato ɗalibi ya kashe kansa, wa'iyazu billahi. Yawaitar irin wannan labari a ƙasar nan na daga cikin abin da ya sa hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da wasu magungunan kashe ƙwari a kasuwanni a shekarar 2019.

Waɗannan yara ba baƙi ba ne. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, wasunsu ma mu muka koya musu Ahalari da Ishmawi a Islamiyya kafin su tafi.

MATSAYIN HANKALI A SHARI'A

Malaman Usulu, irin su Imam Gazali a cikin Al-Mustasfa da Imam Shaɗibi a cikin Al-Muwafaƙat, sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Saboda tsare hankali aka haramta giya da duk abin da ke sa maye. Kuma ya tabbata a hadisi cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo cikin hayyacinsa. Ashe ke nan hankali shi ne tukunyar da ake dafa salla da azumi da neman ilimi a cikinta. In tukunya ta fashe, me za a girka?

Saboda haka duk wani tsari da yake lalata hankalin matasa, ko da sunan ilimi yake tafiya, ya taɓa ɗaya daga cikin manufofin Shari'a, kuma yin magana a kansa yana cikin umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, daidai da yin magana a kan bidi'a ko riba ko zina.

INA CIWON YAKE FITOWA?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan muka dubi rayuwar ɗalibi a manyan makarantunmu da idon basira, za mu ga abubuwa da dama da suka taru suka yi masa rubdugu.

Na farko, yunwa. Manyanmu da suka yi jami'a a shekarun 1970 suna ba da labarin ɗakin cin abinci da gwamnati take tallafa wa. Ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini yana cikin abin da ya tayar da zanga-zangar ɗalibai ta Afrilun 1978, wadda aka rasa rayuka a cikinta a Legas da Zariya. A shekarun 1980 aka janye wannan tallafi, aka kuma shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986. Daga nan ciyar da ɗalibi ya koma kan mahaifinsa kacokan. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, a shekarar kuma jami'o'in tarayya da dama, har da Jami'ar Bayero, suka ƙara kuɗin rajista. Ɗalibin da yake jiƙa garin kwaki sau ɗaya a yini, ya shiga lakca ta awa biyu, ina zai sa abin da ake faɗa? Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyu, masauki. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu sai ka tarar da ninkin haka a ciki, ga zafin bazara, ga rashin wuta, ga layin ruwa tun asuba. Wanda bai sami ɗaki a makaranta ba sai haya a cikin gari, inda babu mai tsawata masa kuma babu mai jin nishinsa. Barci da Allah Ya sanya shi hutu ga bayinSa ya zama abin nema. Likitoci kuwa sun tabbatar da cewa rashin barci mai tsawo yana buɗe ƙofar ciwon damuwa.

Na uku, rashin tabbas. A shekarar 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na kusan wata tara. A 2022 ta sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Karatun shekara huɗu ya koma biyar ko shida. Yaro yana zaune a gida, shi ba ɗalibi ba, shi ba manomi ba, sa'o'insa da suka kama sana'a sun yi aure sun haihu, ana yi masa habaici a dandali. Yarinya kuma ana matsa wa iyayenta da maganar ta daɗe a gabansu. Ba wai muna ɗora laifin a kan malamai kaɗai ba, domin su ma an zalunce su, amma idan giwaye suna faɗa ciyawa ce take shan wahala.

Na huɗu, tsoro. A watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai daga kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna. A Satumbar 2023 aka sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da suke haya, a Oktobar shekarar kuma aka sace wasu na Jami'ar Dutsin-ma, nan maƙwabtanmu a Jihar Katsina. Ko ɗalibin da abin bai shafa ba, labarin ya isa ya hana shi runtsawa. Allah (S.W.T.) da Ya yi wa Ƙuraishawa gori da ni'imominSa, abubuwa biyu Ya ambata: ƙosarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro. Duka biyun ɗalibinmu yana neman rasa su.

Na biyar, zalunci a cikin aji. Akwai malamai masu tsoron Allah da yawa, muna yi musu addu'a. Amma akwai waɗanda suka mai da maki abin ciniki, suna tilasta sayen takardunsu, ko suna neman ɗalibai mata da lalata. Binciken da BBC ta fitar a Oktobar 2019 a kan wasu jami'o'in Najeriya da Gana ya tona abin da aka daɗe ana raɗa. Yarinyar da ta faɗa hannun irin wannan azzalumi, ta ji kunyar gaya wa mahaifiyarta, ta ji tsoron kai ƙara, wane dutse ne ba a ɗora wa zuciyarta ba?

Na shida, kaɗaici, wanda shi ne uwa uba. Yaron ƙauye ya tashi a inda kowa ya san sunan kakansa, in bai fito sallar asuba ba sai an ƙwanƙwasa masa ƙofa. Rana ɗaya ya tsinci kansa cikin dubban mutane, sunansa ya koma lamba, ana karantarwa da Turancin da bai gama kama shi ba, yana jin nauyin yin tambaya kada a yi masa dariya. Ga wayar hannu tana nuna masa rayuwar 'ya'yan masu hannu da shuni dare da rana. Sai ya ga kamar shi kaɗai ne Allah Ya bari a baya.

A nan ne dillalan ƙwaya suke jira. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Yaro yakan fara ne da abin da zai hana shi barci ya yi karatun jarrabawa, sannan ya nemi abin da zai sa shi barcin, daga nan sai abin da zai mantar da shi komai.

FASSARORI UKU DA BA MU YARDA DA SU BA

Ta farko ita ce ta masu cewa duk wanda ya shiga ƙunci to imaninsa ne ya yi rauni, ko kuwa aljanu ne, ko sammu. Mun yi imani da samuwar aljanu da sihiri da kambun baka kamar yadda nassi ya tabbatar, mun kuma yi imani da ruƙya ta Shari'a. Amma mai da kowane ciwo aljani jahilci ne, kuma shi ne kasuwar bokaye da 'yan tsibbu, da wasu masu kiran kansu masu ruƙya da suke dukan maras lafiya da bulala suna cewa aljani suke duka. Shin Annabi Yaƙubu (A.S.) mai raunin imani ne, da baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai idanunsa suka yi fari, kamar yadda Suratu Yusuf ta ba da labari? Shin ba malaman tarihi ne suka sa wa shekarar rasuwar Nana Khadija (R.A.) da Abu Ɗalib suna shekarar baƙin ciki ba? Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi, ya kuma ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa ya yi nuni da a dama wa mai baƙin ciki kunun talbina domin yana sanyaya zuciya. Dubi wannan hikima: addu'a a baki, abinci a ciki. Wanda ya ce wa ɗalibi mai yunwa da bashi ya yi haƙuri kawai, alhali yana da halin ciyar da shi, bai bi Sunna ba.

Ta biyu ita ce ta iyayen da suka ce tunda abin haka ne, gara yara su zauna a gida, musamman 'ya'ya mata. Muna fahimtar tsoronsu, amma wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Matanmu na Roni da Gwiwa suna buƙatar likita mace da ungozoma da malama daga cikinmu. Kuma mu jikokin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, wanda ya yi kakkausan suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, wanda kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilmantar da matan karkara. Ba a rufe rijiya don guga ya tsinke.

Ta uku ita ce ta wasu 'yan boko da suke ganin lamarin na ƙwayar magani ne kawai, addini ba shi da ta cewa. Waɗannan sun manta cewa mutum jiki ne da ruhi. Tsarin da ya koya wa yaro cewa ƙimarsa ita ce takardar shaidarsa, shi ne yake sa shi ganin rayuwa ta ƙare ranar da ya faɗi jarrabawa. Imani da ƙaddara, da salla cikin jam'i, da sanin cewa arziki ba a hannun mai ba da maki yake ba, garkuwa ne da babu kantin maganin da yake sayar da su.

ABIN DA MAGABATA SUKA BARI

Kula da lafiyar zuciya ba baƙon abu ba ne da muka aro daga Turawa. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da waswasi da baƙin ciki. Ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda yake sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya nuna cewa na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar waƙafi yana da sashe na masu taɓin hankali. Alƙali Ibnu Jama'a, a littafinsa na ladubban malami da ɗalibi, Tazkiratus Sami'i wal Mutakallim, ya ɗora wa malami nauyin cigiyar ɗalibin da ya daina zuwa, da gaishe shi in ba shi da lafiya, da sauƙaƙa masa in yana cikin damuwa.

Mu ma a ƙasar Hausa muna da namu. Mai neman ilimi in ya sauka a Zariya ko Kano, malaminsa ne yake ba shi masauki, ya san cinsa da shansa. Bafatake ba ya kwana a gari sai yana da mai masauki. Ko almajiri yana da uwar ɗakin da take ajiye masa tuwo, ta lura in bai zo ba. Jami'ar zamani ta ɗauki allo da alli ta watsar da mai masauki. Wannan giɓi shi ne ya kamata mu cike.

ABIN YI

Na ɗaya, kowane reshe namu a Kazaure da Babura ya san cewa ɗaliban da suka zo daga nesa baƙinsa ne. A rubuta sunayen magidanta amintattu da za su karɓi ɗalibi biyu ko uku a matsayin masu masauki, ko da cin tuwon dare ne ranar Juma'a da tambayar lafiya. Ɓangaren mata su yi haka ga ɗalibai mata. Rassan Roni da Gwiwa kuma kada su bar yaro ya tafi Kano ko Dutse ko Zariya sai da wasiƙa zuwa ga wani ɗan'uwa a can.

Na biyu, zakka. Ɗalibin da guzurinsa ya yanke ko bashi ya yi masa katutu yana cikin waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Muna kira ga kwamitocin zakka na masarautu da manoman da Allah Ya huwace wa amfani, su ware buhunan hatsi da sunan ɗalibai, a raba ta hannun masallatan makarantu cikin sirri da mutunci. Haka kuma 'yan'uwa masu ilimi su taimaka wa iyaye su fahimci sharuɗɗan asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, wanda dokarsa ta ce ba ruwa a cikinsa.

Na uku, limamai da shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi su koyi alamomin ciwon damuwa daga likitoci Musulmi. Duk ɗalibin da ya shafe makonni ba barci, ba ci, ba walwala, ko ya fara cewa gara mutuwa, to kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa faɗa, kada a tsaya jira. A yi masa addu'a, a sanar da iyayensa, a raka shi asibiti a ranar. Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, kamar yadda ya inganta a hadisi.

Na huɗu, a daina mai da Dawanau da asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure abin zolaya. Wannan ba'a ita ce take sa iyaye su ɓoye yaro a ɗaki, ko su ɗaure shi da mari, har ciwon da zai warke cikin watanni ya zama na shekaru. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa daidai yake da zuwa wurin likitan ido.

Na biyar, hukumomi. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka a takarda ba ta warkar da kowa, musamman a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum fiye da miliyan 200. Muna kira ga shugabannin manyan makarantun Jigawa su samar da ofishin ba da shawara mai rufa asiri, da mace mai sauraron ɗalibai mata, da hanyar kai ƙarar malami azzalumi ba tare da mai ƙara ta cutu ba. Sabuwar jami'a kamar ta Babura tana da damar gina wannan tun icce yana ɗanye.

Na shida, iyaye. Ku gaya wa 'ya'yanku tun kafin su tafi cewa faɗuwa jarrabawa ba ta rufe ƙofar gida, kuma ransu ya fi muku kowace takarda. Yaron da ya san haka ba zai ɓoye muku halinsa ba.

Ya 'yan'uwa, Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ranar da za a tambaye mu game da waɗannan matasa, ba za a karɓi uzurin cewa gwamnati ce ba ta yi ba, alhali masallacinmu yana kallon ƙofar makarantarsu. Sabon zangon karatu yana tafe, muna fata kowane reshe zai sa wannan batu a taronsa na wata.

Allah Ya yaye wa ɗalibanmu ƙunci, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu dace da abin da Yake so kuma Ya yarda da shi. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.